Daga Jinrikisha zuwa Riksho: Fashin Baƙi kan Sunan Keken da Mutum ke Ja

Da wuya a sami mai yawan kallon finafinan Indiya ko mai bin labaran kudancin Asiya da bai taɓa cin karo da kalmar riksho ba, wadda ake rubutawa rickshaw da Turanci, kuma jama'a da dama sun ɗauka cewa kalmar Indiyanci ce saboda a bakin mutanen can aka fi jin ta. Gaskiyar magana ita ce asalin kalmar daga Japan yake, shekarunta ba su wuce 150 da 'yan kai ba, kuma abin da aka fara raɗa wa wannan suna ba shi da inji, ba shi da feda, babu doki ko jaki a gabansa. Keke ne mai manyan tayoyi biyu, da kujera a bisansu, da rumfa mai naɗewa, da dogayen sanduna biyu da suka miƙe gaba, inda mutum zai shiga tsakaninsu ya riƙe su da hannu ya yi ta sassarfa da fasinja a bayansa. A cikin abubuwan da muka sani ya fi kusa da amalanke, sai dai shi don ɗaukar mutum aka ƙera shi, kuma jan sa ake yi daga gaba.

Cikakken sunan da Japananci shi ne jinrikisha, kuma ana rubuta shi da haruffa uku, 人力車, waɗanda kowannensu kalma ce mai cin gashin kanta. Na farko, wato jin, yana nufin mutum. Na biyu, riki, yana nufin ƙarfi. Na uku, sha, yana nufin abin hawa mai taya, kuma asalin zanen harafin hoton karusa ne idan an leƙo ta daga sama, da sandar da ke haɗa tayoyi ta ratsa tsakiya. Idan aka haɗa ukun, ma'anar ita ce abin hawa mai tafiya da ƙarfin mutum. Da yake Japanawa sun ari waɗannan haruffa ne daga ƙasar Sin tun ƙarnuka masu yawa da suka shuɗe, sunan bai buƙaci fassara ba da ya tsallaka teku zuwa maƙwabta. Basine ya dubi haruffan ya karanta su renlice, mutumin Koriya ya karanta su illyokko, kuma dukansu sun fahimci abu ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci a wajen fahimtar sunan shi ne dangin kalmomin da ya fito daga cikinsu. A zamanin da wannan keke ya fito Japanawa suna raɗa wa kowane sabon abin hawa suna ne ta hanyar amsa tambaya guda, wato mene ne ke tafiyar da shi, sannan su ɗora sha a ƙarshe. Karusar doki ita ce basha, domin ba na nufin doki. Jirgin ƙasa mai tururi shi ne kisha, mai lantarki kuma densha. Keken hawa shi ne jitensha, abin hawan da ke juya kansa, mota kuwa jidosha, abin hawan da ke motsa kansa. Wannan yana nuna cewa a cikin jinrikisha an ajiye mutum ne a gurbin da aka ajiye doki da tururi da lantarki a sauran kalmomin. Waɗanda suka ƙirƙiri sunan ba su yi nufin cin mutuncin kowa ba, bayanin yadda abu ke aiki suke yi, amma duk da haka sunan ya faɗi gaskiya ba tare da kara ba, kuma duk taƙaddamar da aka yi daga baya a kan wannan keke, daga Tokyo har Kolkata ta Indiya, ta taso ne daga wannan gaskiyar da ke rubuce a harafinsa na farko.

Mutane da yawa idan suka ga hoton mai jan riksho sukan ɗauka cewa tsohuwar al'ada ce da Asiya ta gada tun kaka da kakanni. Ba haka abin yake ba. A tsawon mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, hukuma ta taƙaita amfani da ababen hawa masu taya a manyan hanyoyin ƙasar, saboda haka mai tafiya ko dai ya taka da ƙafa, ko ya hau doki, ko kuma ya shiga kago, wata 'yar kujera ko akwati da ake ratayawa a jikin sanda, mutum biyu su saɓa a kafaɗa. A cikin birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, akwai keken dakon kaya mai taya biyu da ake kira daihaciguruma, wanda mutane ke ja, amma ba a ɗaukar fasinja a kansa. Bayan jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun iso a 1853, aka buɗe tashar Yokohama ga 'yan kasuwar waje a 1859, sai Japanawa suka fara ganin karusan dawaki na Turawa suna kai da komowa. A 1868 mulkin Tokugawa ya faɗi, zamanin Sarki Meiji ya kama, aka sauya wa Edo suna zuwa Tokyo, tsofaffin takunkuman hanya suka sassauta. Doki yana da tsada wajen saye da wajen ciyarwa, majiya ƙarfi marasa aikin yi kuwa sun cika birnin, don haka aka ɗauki kujerar karusar Turawa aka haɗa ta da dabarar keken dako, aka sa mutum a gurbin doki. Riksho ya fito titi a wajen 1869 zuwa 1870, ya girmi layin dogo na farko a Japan, wanda aka buɗe tsakanin Tokyo da Yokohama a 1872, da shekara biyu kacal. A idon mutanen wancan lokaci alama ce ta ci gaba, domin mutum ɗaya yana yin aikin da a da mutum biyu ke yi da kago, cikin sauri kuma a kan kuɗi kaɗan.

Game da wanda ya ƙirƙiro shi, bayanin da ya fi ƙarfin hujja yana komawa ga mutum uku, wato Izumi Yosuke da Suzuki Tokujiro da Takayama Kosuke, waɗanda hukumar birnin Tokyo ta ba su izinin ƙerawa da yin haya a 1870, suka fara tsayawa jiran fasinja a kusa da gadar Nihonbashi. Izumi ne ake danganta wa dabarar, Takayama shi ne maƙerin kekuna, Suzuki kuwa mai sayar da kayan lambu ne. Ba su ci moriyar abin da suka ƙirƙira yadda ya kamata ba, domin dokar kare haƙƙin ƙirƙira da aka kafa a 1871 ba ta daɗe ba aka jingine ta, kuma lokacin da aka kafa tsayayyar doka a 1885 keken ya riga ya zama na kowa, sai aka ƙi amincewa da buƙatarsu. Sai a 1900 gwamnati ta ba su kyautar kuɗi don karramawa. A littattafan Turawa kuma an fi yaɗa labarin Jonathan Goble, ɗan mishan Ba'amurke da ya zauna a Yokohama, wanda ya yi iƙirarin cewa shi ya zana keken domin matarsa marar lafiya. Ba abin mamaki ba ne a ce ya sa an ƙera masa wani abu makamancin haka, tun da dabarar ba mai wuya ba ce, har ma a Faransa tun ƙarni na 17 akwai wata kujera mai taya biyu da mutum ke ja a titunan Paris, wadda ake kira binegret. Amma takardar izini da sana'ar haya da kuma sunan kansa duk a hannun Japanawa suka fito, kuma a ganina wannan ya isa ya raba gardama a kan inda asalin yake.

Yaɗuwar da ya yi ta ba kowa mamaki. Cikin shekara biyu da ba da izini, adadinsu a Tokyo ya kai kimanin 40,000, kago ya ɓace daga tituna, da yawa daga masu saɓa shi suka koma jan keke. A 1896 adadin ya haura 200,000 a faɗin ƙasar, kuma masana'antar Akiba Daisuke da ke unguwar Ginza ta yi fice wajen gyara fasalinsa da fitar da shi ƙasashen waje. Ana kiran mai jan keken shafu. Har wani sabon harafi Japanawa suka ƙirƙira musamman dominsa, 俥, inda suka manna alamar mutum a gefen alamar abin hawa suka mayar da su harafi guda.

Yana da kyau a dubi aikin kansa da kyau, domin ba ƙarfi kaɗai yake buƙata ba. Idan fasinja zai hau, mai ja yakan ajiye bakin sandunan a ƙasa ya danne su, keken ya sunkuya gaba, fasinja ya taka matakin ƙafa ya zauna, a lokacin sanyi a lulluɓe masa gwiwa da bargo. Daga nan sai ya ɗaga sandunan zuwa daidai ƙugunsa, yana laluben wurin da nauyin fasinja zai zauna daram a bisa sandar tayoyi, ta yadda hannunsa ba zai ɗauki nauyi ba sai ja kawai. Idan ya riƙe can gaba da yawa ko ya matso baya da yawa, ma'aunin ya ɓaci, kafaɗa da baya su ɗauki wahalar. Hawan tudu yana cin ƙarfi, amma gangare ya fi haɗari, domin keken ba shi da birki sai ƙafafun mai ja, dole ya jingina baya ya tokare nauyin da ke turo shi. Idan kuwa sandunan suka suɓuce masa suka yi sama, fasinja zai kifa ta baya ya bugu da ƙeya. Duk wannan ana yin sa ne cikin rana da ruwan sama, sa'o'i masu yawa a yini, kuma mafi yawan masu ja ba su mallaki keken ba, haya suke ɗauka a wurin mai shi, sai sun fitar da kuɗin yini kafin su ga abin kai wa gida.

Yadda jinrikisha ta gajarce ta zama riksho abu ne na lafazi. A Japananci wasalin i yakan raunana har ya kusa ɓacewa idan ya faɗo tsakanin baƙaƙe irin su k da sh, shi ya sa baƙon kunne ke jin jinriksha. Su kansu Japanawa suna gajarta sunan ta fuska biyu, wani lokaci su ce jinriki su yar da ƙarshen, wani lokaci su ce rikisha su yar da farkon. Turawan Ingila da ke zaune a tashoshin ruwa na Yokohama da Kobe da Shanghai sun fara da rubuta cikakken sunan ta hanyoyi dabam-dabam a shekarun 1870, sannan kafin ƙarshen shekarun 1880 gajeren ya rinjaya, aka kuma ja wasalin ƙarshe ya koma o a bakinsu. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar cire gaɓar da ke nufin mutum, sauƙin furuci ne ya jawo haka. Sai dai abin ya haifar da sakamako babba, domin ga wanda bai iya karanta haruffan Sin ba, riksho sauti ne kawai da ba ya bayyana komai game da abin da ke jan keken, kuma wannan ne ya ba kalmar damar sauka daga kan keken da mutum ke ja ta hau kan wasu ababen hawa da ba su da alaƙa da ma'anarta ta farko.

Ba ko'ina ne sunan Japan ya samu karɓuwa ba. Wani Bafaranshe mai suna Menard ne ya shigo da kekunan Shanghai a tsakanin 1873 da 1874, kuma ko da yake a rubuce ana amfani da renlice, talakawan birnin sun kira shi dongyangce, wato keken ƙasar da ke tekun gabas, suna nufin Japan. Daga baya, da aka wajabta shafa wa na haya fenti ruwan ɗorawa don a bambanta su da na masu gida, sai sunan ya koma huangbaoce, keken haya mai launin rawaya. A Beijing an ce masa yangce, keken baƙi, a Tianjin kuwa jiyaopi, wato roba, saboda tayoyinsa. Faransawa sun kira shi pus-pus, daga kalmarsu ta turawa, duk da cewa jan sa ake yi, kuma da wannan suna ya shiga ƙasashen da suka mallaka. A Madagaska har yau ana amfani da shi, musamman a garin Antsirabe, inda mutanen ƙasar ke ce masa posiposi.

Inda kalmar riksho ta kafu sosai shi ne yankunan da Birtaniya ta mulka. Keken ya isa Singafo a 1880, kuma a wajen wannan lokaci ya isa Shimla, garin kan dutse da Turawan mulkin Indiya ke komawa lokacin zafi, inda tsananin tudu ya sa mutum huɗu ko biyar ke haɗuwa a kan keke guda, wasu na ja wasu na turawa. A Kolkata 'yan kasuwar Sin ne suka fara amfani da shi wajen dakon kaya a farkon ƙarni na 20, kafin a ba da izinin ɗaukar fasinja a 1914. A Afirka ta Kudu, attajirin rake Marshall Campbell ya kawo shi Durban a farkon shekarun 1890, kuma da shigowar sabon ƙarni akwai fiye da 2,000 a birnin, waɗanda Zulu ke ja, suna sanye da ado na ƙahoni da gashin tsuntsu don jawo hankalin fasinja. A duk waɗannan wurare masu ja kusan iri ɗaya ne, wato baƙin haure da 'yan ci-rani da talauci ya koro daga ƙauye. A Singafo mutanen lardin Fujian na ƙasar Sin ne, a Kolkata mutanen Bihar. A Durban ɗin ne Mahatma Gandhi, tun yana matashin lauya, yake ƙyamar hawa abin da ɗan Adam ke ja. A watan Janairun 1897, lokacin da gungun Turawa suka tare shi bayan saukarsa daga jirgin ruwa, abokin tafiyarsa ya kira riksho don su tsira, Gandhi ya yarda ya hau a karo na farko saboda larura, amma matasan suka tsorata mai jan keken ya gudu.

Wannan ƙyama da Gandhi ya nuna tana da tushe, kuma ba na jin akwai mai tausayi da zai ga dattijo ba takalmi yana jan ƙato a cikin rana bai ji wani abu a ransa ba. Amma tarihin sana'ar ya nuna wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba, wato su masu jan sun sha tashi tsaye don kare ta. Da aka fara jirgin titi mai dawaki, wato tarago mai bin layin dogo a kan titi, a Tokyo a 1882, masu jan riksho sun kafa ƙungiya don adawa da shi, domin yana ƙwace musu fasinja. A Beijing, inda yawansu ya kai kimanin 60,000 a shekarun 1920, sun far wa jiragen titi masu lantarki a watan Oktoban 1929 suka farfasa da dama. Ba son wahala ya sa su yin haka ba. Mutumin da ya baro gona ba jari ba ilimin boko ba shi da wata sana'a da zai shiga yau ya sami na abinci yau in ba wannan ba. Hukumomi sun bi hanyar haramtawa ɗaya bayan ɗaya. Singafo ta hana a 1947, gwamnatin kwaminisanci ta Sin ta kawar da shi a shekarun 1950 tana kallon sa a matsayin alamar danniya, sannan majalisar jihar Bengal ta Yamma ta gyara doka a 2006 don hana shi a Kolkata. Duk da haka bai ƙare a Kolkata ba, inda ake ce masa tana riksha, wato riksho na ja. Dalili kuwa a fili yake, domin lungunan tsohon birnin sun yi wa mota ƙunci, kuma idan damina ta sauka ruwa ya kai gwiwa, manyan tayoyinsa ne kaɗai ke ratsawa da 'yan makaranta da marasa lafiya da kayan kasuwa, mai ja yana buga 'yar ƙararrawarsa a jikin sanda don a ba shi hanya. Hukuncin da na ga ya dace a nan shi ne cewa kawar da wannan aiki abu ne mai kyau, amma dokar da ta hana shi ba tare da ta tanadar wa mai yin sa wata hanyar ci ba, ta fi sauƙaƙa wa idon mai kallo fiye da cikin mai ja.

A Japan kanta motocin haya ne suka ture shi, musamman bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, kuma yau ya koma abin yawon buɗe ido a unguwar Asakusa ta Tokyo da Arashiyama ta Kyoto, inda samari da 'yan mata ke jan baƙi suna yi musu bayanin wurare. A can har yanzu jinrikisha ake cewa, da cikakkiyar ma'anarta. A kudancin Asiya kuwa kalmar ta ci gaba da tafiya. Daga wajen shekarun 1930 aka haɗa kujerar da keken hawa mai feda, aka ci gaba da kiran sa riksha, kuma wannan ne ya cika birnin Dhaka na Bangaladash, wanda hukumar UNESCO ta sanya kekunansa da zanen da ake yi musu cikin jerin al'adun duniya a 2023. A nan ma'anar asali ba ta ɓace ba, tun da ƙafar mutum ce ke tuƙawa. Da aka sa masa inji, bisa fasalin ƙaramar motar nan mai taya uku ta Piaggio da aka fara ƙerawa a Italiya a 1948, Indiyawa suka kira shi oto riksha, sunan da idan aka warware shi zuwa tushensa yake haɗa abin da ke motsa kansa da abin da ƙarfin mutum ke ja, amma ba mai jin saɓani a ciki saboda ba mai tuna tushen.

Wannan na ƙarshe mai inji shi ne ya iso ƙasashenmu, galibi ƙirar kamfanonin Bajaj da TVS na Indiya, sai dai a Nijeriya ya iso ne ba tare da sunansa ba. A Legas an ce masa Keke Marwa, saboda ya bazu ne a zamanin gwamnan soja Buba Marwa a ƙarshen shekarun 1990. Daga baya ya zama Keke Napep, daga sunan shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano ya ɗauki sunan A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo kekunan don ɗaukar mata, kuma sunan ya bi keken har Jamhuriyar Nijar. Mu a nan mun raɗa masa suna ne da gwamnatin da ta kawo shi. A Sudan kuwa kalmar Japan ɗin ce ta iso da kanta ta hanyar Indiya, shi ya sa Bahaushen Khartoum ko Omdurman idan zai shiga kasuwa yake tsayar da raksha, kuma Larabcin ƙasar ya riga ya karɓe ta har ya yi mata jam'i irin nasa, ana cewa rakshat.